Inusa Ba Shi da Kabari

Daga Birni, Damagaram, zuwa ga yayana Lawan a Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya sa kana lafiya kai da iyali. Mu nan alhamdulillahi, gero ya yi kyau a Gaffati, sai dai ba mai jin daɗin cinsa.

Yaya, sai haƙuri. Ƙanenmu Inusa, wanda Faransawa suka kai yaƙin Jamus, ya rasu a jirgin ruwa a hanyar dawowa. Abokinsa Garba ne ya kawo mana hularsa. Ya ce sun yi masa wanka da salla, amma da yake ba tudu kusa, sai aka saka shi a teku. Wannan ne ya karya Inna. Mutuwar ta karɓa, rashin kabarin ne ta kasa haɗiyewa.

Garba, bawan Allah, ya so lallashinta. Ya ce a Normandi ta ƙasar Faransa, inda suka yi jinya, wani tsoho masunci ya ba su labarin kakanninsa, Vikin, mutanen arewa masu dogayen jirage. Wai sun yi ta kai hari ƙasar Ingilishi da ta Faransa, daga baya suka zauna har jikokinsu suka manta harshensu. Kuma wai babban mutum a cikinsu in ya mutu, a jirgi ake kwantar da shi, don haka Inusa ya yi tafiyar manya. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko ruwa yana da gabas. Ta ce su mutanen ruwa ne, ita kuwa ɗan ƙasa ta haifa. Garba ya sunkuyar da kai.

Yanzu Inna ta koma Gidimuni wurin 'yar'uwarmu Rukayya. Kullum da hantsi tana bakin tafki da hular a hannu, abinci sai an yi da gaske. Ka tambayi malaman Kano hukuncin wanda teku ya zama makwancinsa, ka zo da amsar da bakinka, domin maganarka kaɗai take ji. Kada ka jira rani. Da na je duba ta, ta tambaye ni ko ruwan Gidimuni yana kaiwa teku, na ce mata yana kaiwa. Allah ya gafarta mini.

Ka gaishe da Halima da Ado. Rukayya tana gaisuwa.

Ƙanenka, Tijjani.