Farin da Inna Ta Kira Likkafani

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Ni mai tsara zane ce a wani shagon ɗab'i, katin biki da fosta da kalanda duk aikina ne. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da Babanmu ya fita sayen batirin rediyo bai dawo ba. Dama tsufa ya fara taɓa masa tunani, sunana ma sai ya laluba. Asibitoci, ofishin 'yan sanda, har ɗakin ajiye gawa mun leƙa.

Ni na haɗa takardar cigiya. Fuskarsa babba a tsakiya, kalma ɗaya a sama, lambar waya ɗaya a ƙasa, sauran na bar shi fari fat, don na san mai wucewa a kan babur kallo ɗaya yake yi. Inna na gani ta fashe da kuka, wai na naɗe mata miji a likkafani tun yana da rai. Yayana kuwa cewa ya yi ganda ce, wai katin bikin mutane nake cikawa da furanni, amma uban da ya haife ni na yasar da shi a fili. Ya kai wani shagon aka cika takardar taf: addu'o'i, sunayen dangi, lambobi biyar, Baba ya koma ɗan mitsitsi a lungu. Ita aka manna ko'ina. Jiya na tsaya tsallaken titi, ni 'yarsa ban gane shi a jikin takardar ba. Har yau ba wanda ya kira, Inna kuma ko gaisuwata ba ta amsawa.

'Yar Autan Mai Rediyo

'Yata, Allah ya bayyana shi cikin ƙoshin lafiya. A kan aikinki kina da gaskiya: filin da aka bari shi ke kai ido ga fuska, takardar da ta cika kuwa ba a karanta ta a guje. Amma Inna ba aiki take kallo ba, mijinta take kallo, kuma abin da take tsoro ne kika ɗora mata a cinya ba da gangan ba. Yayanki ma cika takardar ne kaɗai abin da ya samu ya yi wa mahaifinsa, kada ki riƙe shi a rai.

Fili kike buƙata, ba lallai fari ba. Ki mayar da farin ruwan ɗorawa, kada ki ƙara ko ɗigo. Ban da gardama. Manna taki kusa da tasa, ki ja Yaya zuwa tsallaken titi, ya faɗa miki lambar da ya iya karantawa. Addu'o'in kuma ki buga wa Inna su daban, da hoton da ta fi so, ta ajiye a ɗaki.

Yau za ki yi, ba gobe ba. Fushin Inna zai iya jira, amma akwai dattijo a waje da bai san hanyar gida ba. Allah ya sa wayarki ta yi ƙara tun kafin a gama mannawa.