Shebur ɗin da Mossie Ya Ƙwace

Litinin, 4 ga Satumba

Bríd ta ɗakin karatu ta cusa mini takardar gasar gajeren labari a cikin littattafan da na ara. "Kai da ka haɗiye rabin kantocin nan, Fiachra, ba za ka amayo mana ko shafi biyu ba?" Na ce mata wannan gasar tsofaffin malaman makaranta ce, masu rubuta tarihin kyanwarsu. Ina ruwan wanda ya bar aji yana ɗan sha shida ya koma kwance tayoyi a gareji? Ta ce, "To zauna da bakinka." Takardar dai tana aljihuna.

Talata, 12 ga Satumba

Na fara. Abu ɗaya ne a kaina tun Afrilu, shi zan rubuta.

Ranar da aka haƙa kabarin yayana Donncha, bayan tarakta ta kife da shi a gangaren gonarmu. Na isa maƙabarta na tarar maƙwabta sun fara, na sunkuya na ɗauki shebur. Mossie Tierney, wanda gonarsa ke manne da tamu, ya riƙe ƙotar. "Jini ba ya haƙa wa jini, yaro. Koma wurin uwarka." A gaban kowa ya murɗe shi daga hannuna. Na san al'ada ce, ai ba jiya aka haife ni ba. Amma aikin ƙarshe ke nan da hannuna zai yi wa Donncha. Aka bar ni da zuba wa mutane shayi.

A labarina mutumin shi kaɗai ya haƙa. Tsohon da ya so hana shi kuwa na ba shi hancin Mossie, da hularsa, da yadda yake tsotsar haƙori kafin ya yi magana.

Lahadi, 17 ga Satumba

Takalman gonar Donncha suna nan bakin ƙofa. Mam, uwarmu, kewaye su take yi idan tana shara.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na miƙa labarin. Ba a sa suna a jiki, wai don alƙalai su yi adalci. Suna me? Duk wanda ya taɓa shan giya a ƙauyen nan zai gane tsohon tun layi na uku.

Mam ta gasa burodi ta ce in kai wa Nuala, matar Mossie, wai an sallamo ta daga asibiti, babu sauran abin da za su yi mata. Na ce ba ni taka gidan. Ta ce, "Nuala ce ta ƙwace maka shebur?" Na kai, na ɗora a kan katangar dutse, na juyo. Da na waiga sai ga Mossie tsaye a taga ya ɗaga mini hannu. Ban ɗaga ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

An zaɓe ni. Ni! Bríd ta bugo gareji tana ihu har maigida ya ɗauka gobara ce. Ranar Asabar ta sama kowa zai karanta nasa a ɗakin karatu da hantsi, sannan a faɗi wanda ya ci. Wanda bai zo ba an cire shi.

Na ajiye wayar, kafin in ankara na fara neman lambar Donncha. Da yana raye da ya ce, "Marubuci! To wa zai kwashe kashin shanu, ranka ya daɗe?" Na shiga bayan tulin tayoyi na jima.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Labari ya zaga. Bayan coci Mossie ya tare ni a ƙofa, ya tsotsi haƙori. "An ce ka zama babban mutum. Zan zo in ji, in Nuala ta samu barci." Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce, "Zo mana, akwai kujerarka a gaba." Har da godiya ya yi.

Haka nake so. Ya zauna a gaban mutane ya ji yadda abin yake.

Ban iya cin abinci ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Nuala ta rasu.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Gobe da safe za a haƙa, a binne da rana. Mam tana yanka burodin zaman makoki, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Gidanmu ne mafi kusa da nasu. Da Donncha yana nan, shi zai je haƙa." Na ce ina da karatu, kuma ƙauyen nan bai rasa maza ba. Na ce wata bakwai ina jiran in buɗe baki. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta a nan ba. Ta ce, "Yi abin da ka ga dama, ɗana. Miƙo mini man shanu."

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na sa rigar kirki, labarin na aljihu. Hanyar mota ta bakin maƙabarta ta bi, laifin wanda ya yi titin ne. Na tsaya in leƙa kawai.

Ƙasar duk duwatsu da saiwa, ga ruwa yana zuba. Mutanen kuma tsofaffi, ana sara ɗaya ana tari uku. Na tuɓe kwat na shiga.

Ramin ya kai mana ƙugu sai ga Mossie da shebur ɗinsa, ba hula. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya zo bakin ramin yana neman inda zai sa ƙafa, hannunsa na rawa har ƙarfen yana buga dutse. Na ga idan ya shiga ramin nan ba zai fito daidai ba. Haka nawa hannun ya yi a Afrilu? Ba wanda ya faɗa mini.

Na fito na riƙe ƙotar. Ya ja, na ja. Tsohon da ƙarfi kamar bijimi. Na ce, "Koma gida, Mossie. Mu ne a nan." Ya dube ni, sannan ya saki. "Ka gyara mata kusurwa," ya ce, "ba ta son aikin ganin dama."

Da muka gama muka gicciya shebur biyu a kan ramin kamar yadda ake yi. Lokacin ana can ɗakin karatu ana tafa wa wani.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Wata malama ce ta ci. Bríd ta ce labarin kare ne, ba kyanwa ba. Ta ce in sake turawa baɗi, na ce sai na gani.

Takardun sun jiƙe a aljihun kwat, na shanya su a jikin murhu. Ba wai na yafe ba. Kawai da na sake karantawa na ga tsohon bai fito daidai ba, ban rubuta komai a kan hannunsa ba. Matsalar rubutu ce, ba wani abu ba.

Shebur ɗin Mossie yana bayan motata. Mam ta gasa burodi. Wannan karon sai an ƙwanƙwasa ƙofa, tunda ba a barin shebur a kan katanga, tsatsa yake yi.