Naman Katan da Sauran Shanun Hammadi

Zuwa ga mai girma ministan da aka damƙa wa sha'anin ciniki da ƙasashen waje,
Plateau, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da abokan aikinka na soja da na farar hula, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta.

Sunana Illiyasu, mutumin Tahoua, mazaunin Kirkissoye a ƙetaren gulbi. Sana'ata fataucin shanu zuwa kurmi. Ita na gada wurin mahaifina, ban iya wata ba. Na hau Plateau, unguwar ofisoshinku, har takalmina ya gaji, daga wannan biro zuwa wancan, kowane mai tsaron ƙofa ya ce in dawo gobe, shi ya sa na fito fili. Maƙwabtana sun ce in rufa wa kaina asiri, zamanin soja ne, ba a son mai dogon baki. Na ji su. Amma yanzu haka akwai shanu mata ɗaure a bayan gidana, kamyon da zai kai su ga mahauta zai tashi ranar kasuwa mai zuwa, kuma in suka hau shi, garken wani bawan Allah ya ƙare ke nan har abada. Abin da ya sa ni rubutu ke nan.

Na ɗaya. Ranka shi daɗe, bari in fara da yadda sana'ar take, don na lura a biro duk saniya saniya ce. Mu ba ma loda mace. Bijimai muke ɗauka, da shanun da aka dandaƙe, sai ko tsohuwar da ta daina haihuwa. Karsana da saniya mai nono suna nan gida, su ne tushen garke. Ina yaro na ga mahaifina, Allah ya jiƙan shi, ya fid da karsana daga cikin shanun da ya riga ya saya, ya mayar wa mai ita, ya ce masa in an sayar da uwa bana, baɗi me za mu zo saye? A kan wannan aka rene ni.

Mai shanun da nake magana a kai sunansa Hammadi, Bafillace ne makiyayi daga arewacin Filinge. Ubansa da ubana sun yi hulɗa, ni da shi muka ɗora. Yakan ba ni bijimai a kan magana kawai, in kai kurmi in sayar, in dawo masa da hatsi da gishiri da zannuwan mata. Ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba sai a wannan watan.

Na biyu. Ba sai na ba ka labarin farin nan ba. Damana ta ƙi, ciyawa ba ta fito ba, bisashe suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi. Rediyo ta yi ta shela cewa makiyaya su rage bisashe, su sayar tun suna da nama su sayi hatsi. Ka san abin da ake nufi da a ce wa Bafillace ya sayar da shanunsa? Duk da haka Hammadi ya bi maganar hukuma. Ya koro duk mazan garkensa da ke iya tsayuwa ya kawo mini. A karar Yamai, kasuwar shanu, babu wurin sa ƙafa, kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Iyakar Najeriya kuwa a rufe take. Ƙofa ɗaya ta rage mana, Abijan. Na loda su, na ce wa Hammadi ya kwantar da hankalinsa, mutanen kurmi ba su taɓa ƙin nama ba, da yardar Allah hatsin da zan kawo zai kai su kaka.

Na uku, kuma nan ne bakin maganar. A da in kamyona ya shiga karar Abijan, kafin a sauke ƙofar baya mahauta sun kewaye shi, wannan ya kama wutsiya, wancan yana latsa tozo. Wannan karon na sauke shanu, shiru. Mahautan da na sani shekara da shekaru suka gaishe ni daga nesa suka kau da kai. Mai masaukina, Alhaji Issa, wanda yake mini dillanci tun ina saurayi, ya kama hannuna ya kai ni cikin kasuwar gari. Ranka shi daɗe, a nan na ga abin da ya kashe mu. Shaguna ne jere da manyan firji, cike da katan-katan na nama daskararre, tauri kamar dutse, da zarto ake yanka shi. Mata sun yi layi har bakin titi. Na tambayi kuɗinsa, aka faɗa mini, na ce a sake faɗa, na ɗauka kunnena ne. Naman da ya ƙetaro teku cikin jirgi ya fi wanda ya taso daga Filinge arha, nesa ba kusa ba.

Na ce wa Alhaji Issa wannan ko mushe ne? Ya ce: "Illiyasu, ba mushe ba ne, kuma ba da kai ake faɗan ba. Turai da Amurka ne ke kokawar kasuwa. Kowa na son ya ƙwace masu sayen ɗan'uwansa, alkama ce, madara ce, nama ne. Gwamnatinsu ke cika wa manomi kuɗi don ya sayar a waje ƙasa da abin da ya kashe. Rumbunansu sun cika, abin da ya yi saura shi ake juye mana nan." Daga baya na ji irin wannan bayani a rediyo, na san ba ƙarya ya yi mini ba.

Wai faɗa! Kai jama'a! Mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda ba su san akwai wani Hammadi a doron ƙasa ba, suna faɗa a can bayan teku, ƙafarsu ta sauka a wuyanmu. Ni da wa zan yi gasa? Da manomin da baitulmalin ƙasarsa ke tsaye bayansa? Ni abin da ke bayana shingen duwan ne, masu karɓar harajin kaya, da na jandarma tun daga Torodi har bakin teku, kowa da hannunsa a miƙe. Naman katan yana iya jira cikin sanyi har baɗi, sa ba ya jira. Shanunmu ba su san ƙasar kurmi ba, tsando ya cije su, sammore ya kama su, kullum gari ya waye sun ƙara zubewa. Ba ni da halin dawo da su, don ba abin da za su ci a gida. Na sayar da su ɗaya bayan ɗaya ga wanda ya ji tausayina. Hatsin da na sayo da kuɗin garken mutum guda, wallahi ko kusurwar kamyo bai cika ba.

Na huɗu. Da na dawo na tarar Hammadi ya riga ya gangaro da iyalinsa, sun kafa bukkoki a bakin gulbi kusa da unguwarmu. Na sauke masa buhunan a gabansa, na kasa ɗaga ido. Ya dube su ya daɗe, ya ce Allah ya sa albarka, bai tambaye ni komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hatsin nan ya ƙare tuni. An je wurin rabon taimako, aka ce a kan gari ake rabawa, su koma inda aka rubuta su, wato can arewa inda ba ruwa ba ciyawa. Ƙaramar ɗiyarsa ta kama zawo, jikinta ba ƙarfi, Allah ya karɓi abarsa, ni na ɗauke ta zuwa makwancinta. Kwana kaɗan bayan haka na fito da safe na tarar da shi tsaye a ƙofar gidana da sauran shanunsa, duk mata.

Ina so ka san ko shanun wa ne. Ba na Hammadi ba ne. A al'adarsu, ranar sunan yaro ake ba shi karsana, ita da duk abin da ta haifa nasa ne, da su zai tashi, da su zai yi aure. Wasu kuma sadakin matarsa ne. Uba ba ya taɓa su sai da izini. Hammadi ya bi ɗiyansa ɗaya-ɗaya ya roƙe su, har wanda bai gama iya magana ba, sannan ya roƙi uwarsu. Ni ba zan iya kwatanta maka abin da wannan yake ga namiji irinsa ba.

Na ce masa ba zan loda ba, ya san ba ma loda mace. Na ce ko na kai su, naman katan yana nan, abin da za su kawo ba zai kai ku damana ba, ka rasa shanu ka rasa hatsi. Muka yi ta sa-in-sa har mata suka leƙo. A ƙarshe ya ce: "To Illiyasu, na ji. Riƙe shanun, ka ba yarana hatsi." Ya juya ya bar mini su, ni kuwa hatsin ba ni da shi. Jarina ya tafi a wannan tafiya tare da nasa. Matata Rabi sau ɗaya take ɗora tukunya a yini, kuma daga ciki ake kai wa bukkokin bakin gulbi. Su kansu shanun ba na iya ci da su. Gulbi ya ƙafe har ana ƙetare shi da ƙafa, burgun da muke yanka a bakinsa babu, damin harawa ya fi ƙarfin aljihuna. Kwalaye nake jiƙa musu da ɗan gishiri.

Na biyar. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Buhunan taimakon da ake rabawa, na ga tambarin da ke jikinsu, na ga wanda ke jikin katan ɗin nama, ƙasashen nan dai su ne. Ba na raina taimako, ni ma na ci, Allah ya saka. Amma mu ba mabarata ba ne. Da an bar mana kasuwarmu, da Hammadi ya sayi hatsinsa da bijimansa, ba ya tsaya layi a kore shi ba. Kai kana zama da mutanen nan, ofisoshin jakadunsu ga su nan kusa da naka. Shin an taɓa faɗa musu? Kuma ku da kanku, yunwar da ta gabata ce kuka ce ta sa kuka karɓi mulki. Ba gori nake yi ba, tunatarwa ce daga wanda ya yi murna ranar.

Ga abin da nake roƙo. A karɓi shanun matan da suka rage hannun makiyaya a ba su hatsi daga rumbun hukuma, a tsare su da rai inda hukuma ke kiwon nata, in ruwa ya sauka mai saniya ya fanshi abarsa. A ba makiyayi taimako inda yunwa ta same shi, ba inda aka rubuta sunan kakansa ba. Ka yi magana da takwarorinka na ƙasashen bakin teku su ɗora wa naman katan haraji, in dai zumuncin da ake faɗa a taro gaskiya ne. Ka ɗauko jakada guda ɗaya, ko wane ne, ka ƙetaro da shi gada zuwa Kirkissoye, ni zan nuna masa inda faɗansu ya sauka. Sannan kada a sake ce wa makiyayi a rediyo ya sayar, sai an faɗa masa wa zai saya.

Gaskiya ban sa rai ba. Na san manyan duniya ba za su bar faɗansu don takardar mai fataucin shanu ba, na kuma san kai ma akwai inda hannunka ba ya kaiwa. Amma na farkon nan, hatsi a madadin saniya, yana cikin ikonka, sa hannu ne kawai. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya, ya sauƙaƙa maka hisabin abin da aka ɗora maka, ya jiƙa ƙasarmu da ruwa mai albarka.

Zan jira har safiyar ranar kasuwa. In ban ji komai ba zan loda su, don ba zan sake ɗaukar wani ɗan Hammadi zuwa maƙabarta ba. Jiya na shafa cikinsu ɗaya-ɗaya, biyu suna ɗauke da ciki, na ji ɗan yana motsi a tafin hannuna. Mahaucin Abijan ne zai fid da su ya jefar.

Wassalam, daga talakanka da ya rasa inda zai kai kuka,

Illiyasu mai fataucin shanu,
Kirkissoye, Yamai.