Bindigar Ganin Wata

Shikago, Amurka

Yaya Basira,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara da mutanen Gangara? Ni lafiya lau.

Ƙarshen azumi da magariba na ji ƙarar bindiga. Na zaci wata aka gani, kamar yadda ake harbawa a gida, na fito da murnata. Ashe ɗan maƙwabciyata aka harbe. Tunda aka rufe gidan da ke ciyar da samarin unguwa, kullum suna titi. 'Yan sanda suka manna ni da bango, wai me nake wa dariya.

Takarduna na zama ba su fito ba, ba halin tahowa. Daga aiki sai ɗaki.

Ki ce wa Inna na yi salla lafiya. Baɗi in an harba, ku yi murnar har da tawa. Ni yanzu in na ji bindiga, ƙasa nake kwantawa.

Ƙanenki,
Ubaidullahi