Hukuncin Tsintsiya

Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da fitinannun jikokina. Ya zafin nan? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa, ita ma surutun mutane a kanta ya fi ciwon yawa. Tela na ƙofar gida ne ke rubuta min kamar kullum. In kin ga kalma ta karkace, alƙalaminsa ne, ba bakina ba.

Tun shekarar da ruwa ya shiga silima har kujerun gaba suka yi iyo, shekarar da aka haife ki ke nan, nake riƙe da tsintsiyar gidan nan. Shekara arba'in da ɗaya cif. Saƙonki ya iso, na ji kin gyara min ɗaki har da sabuwar katifa. Allah ya yi albarka. Amma ba yanzu ba. An shiga dogon hutu, manyan finafinai biyu za su sauka ranar Juma'a, gari kuwa ba shi da zancen da ya wuce wannan. Ɗaya na wasu tururuwa ne masu girman mota da suka ƙwace filin jirgi. Hotonsa ya rufe bangonmu tun daga rufi har ƙasa, yara na tsayawa su buɗe baki har ƙuda ya leƙa. Ɗayan na wata mata ce direbar motar kashe gobara, tana neman ƙanenta cikin garin da ke cin wuta. An ba tururuwa babban zaure, matar kuma ƙarami. Bayan kwana uku za a duba wanda ya cancanci zama a babban har ƙarshen hutu.

Kin san ni ban taɓa zama na kalli fim daga farko har ƙarshe ba. Me zan kalla? Ƙasa nake karantawa. In na shiga da tsintsiya bayan an tashi, na tarar da takardun gugguru cike a ƙarƙashin kujeru, to fim ya kama mutane har sun manta suna da baki. In na tarar an cinye tas, an murɗe takardar an yi jifa da ita, to ido ya rasa aikin yi ne baki ya karɓa. Marigayi maigidan silima bai taɓa sauya fim ba sai ya kira ni ofis ya tambaye ni abin da ƙasa ta ce. Ko sau ɗaya ban kunyata shi ba.

To ɗansa, manajan yanzu, wanda na sha goyawa yana hancin majina, shi waya ce malamarsa. Wai mutane suna ba fim taurari a ciki. Jiya ya ce min, cikin ladabi dai, zamanin tsintsiya ya wuce. Raina ya ɓaci. A gaban Mai Gugguru da mai yanka tikiti na ce masa, in ƙasa ta yi min ƙarya a hutun nan, zan rataye tsintsiya in tafi wurin 'yata. Tela ya ajiye alƙalami yana cewa magana zarar bunu ce. Na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Saboda haka kada ki shimfiɗa zanen gado tukuna, ƙura zai sha. Ki gaida kowa da kowa.

Mahaifinki,
Baba Tsintsiya


Zuwa ga 'yata,

Ina gaisuwa, ina fatan zazzaɓin autarki ya sauka. Ki ce mata angonta na nan da ƙarfinsa, kada ta saurari masu cewa na tsufa.

Kwana ukun nan an yi cika irin wadda rabona da gani tun shekarar da injin haska fim ya kama hayaƙi. Layi har bakin shagon aski. Mai Gugguru ta kasa ita kaɗai, sai da ta kira surukarta ta taya ta.

Ga abin da ƙasa ta faɗa. A zauren tururuwa, takardu cike, wasu ko rabi ba a ci ba, an jingine su a gindin kujera kamar an ba su ajiya. Buhu uku na kwashe. Ban taɓa ganin fim ya ɗaure bakin jama'a haka ba. A zauren matar gobara kuwa, ko ƙwaya ɗaya tsuntsu ba zai samu ba. An cinye, an karkaɗe, ga robobin ruwa fanko sun yi tuli har ina tuntuɓe. Na ce Allah sarki baiwar Allah, kin kashe gobara, kin kashe fim.

Safiyar yau manaja ya kira ni ofis, ya juyo min wayarsa, wai taurarin matar sun ninka na tururuwa, yana so ya mayar da ita babban zaure. Na jawo buhu ɗaya na zazzage masa a gaban tebur. Na ce taurari a sama suke, mu kuwa a ƙasa muke aiki. Ya dubi guggurun, ya dubi hoton mahaifinsa a bango. Can ya ce shi ke nan Baba, an bar tururuwa. Yaron yana da tarbiyya, wayar ce kawai ta same shi da ƙuruciya.

Mai Gugguru ta ce tafiyata ta sauya, wai har gwiwar ta manta ita ce mai ciwo. Na ce mata in ta ga tsoho na rawa, ya san inda kiɗa yake.

Katifar nan ki ba baƙi su riƙa kwana. Ina gaida maigidanki.

Mahaifinki,
Baba Tsintsiya


Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Tela yana dariya tun kafin in fara, na ce in bai daina ba zan kai aikin wurin mai aski.

Uwata, ƙasa ta kayar da ni. Ko kuwa in faɗi gaskiya, ita ta faɗi nata daidai, ni ne na yi mata gaggawa.

Sati guda tururuwa na cinye filin jirgi a gaban kujeru zalla. Ranar Laraba mutum tara na ƙirga, biyu barci suke. Ƙaramin zaure kuwa ana mayar da mutane gida don babu wuri, wasu kallo na uku suka zo. Manaja kuwa kullum sai ya gaishe ni har da rusunawa, wannan ya fi zagi ciwo.

Jiya da hantsi ina zaune a bakin rumfar Mai Gugguru, na ce mata ni dai na rasa gane kan abin nan. Sai ta hau kame-kame, ta ce akwai maganar da ta daɗe tana cin ta. Ashe a kwana ukun nan na cika, ita ta zuba gishiri, surukarta ma ta zuba, kowacce na zaton ɗayar ba ta sa ba. Kunyar juna ta hana su tambaya. Guggurun ya zama kamar an jiƙa shi a teku. Ni kuwa tun da turamena suka zube na daina ɗanɗanawa, da can sai na jefa ƙwaya ɗaya a baki kafin in yanke hukunci.

Kin gane ke nan. Masu kallon tururuwa hankalinsu na jikinsu, suna sa ɗaya a baki suka ji gishiri suka ajiye. Masu kallon matar nan kuwa, fim ya tafi da su har suka cinye gishirin nan tas ba su sani ba, suka bi da ruwa. Robobin da na yi ta tuntuɓe da su, su ne shaidar, suna ta yi min ihu ina shure su. A shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin fim ya ci irin wannan jarrabawa ba, ni kuma na ba shi sifiri.

Na je ofis da ƙafata na faɗa wa manaja duka. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce laifin gishiri ne, a bar maganar alkawari, in ci gaba da aikina. Mai Gugguru ma ta ce ita ya kamata a kora. Na ce a'a. Gishiri bai yi rantsuwa a gaban mutane ba, ni na yi. Wanda ya ce shi mai karatun ƙasa ne, aikinsa ne ya ɗanɗana. Kuma tsakanina da ke, gwiwar nan ba surutun mutane ba ne kawai. An mayar da matar babban zaure tun jiya da yamma.

Sai ki shimfiɗa zanen gadon, ina nan tafe jibi. Zan zo da tsintsiyar, manaja ya ce tawa ce. Ki ce wa maigidanki ya bincika min inda silimar garinku take. Ba aiki zan nema ba, in dai an tashi a bar ni in leƙa ƙasa.

Amma gobe da safe, kallon farko, zan sa farar rigata in tsaya a layi kamar kowa. Na gargaɗi mai yanka tikiti, in ya ƙi karɓar kuɗina za mu ɓata. Zan zauna a tsakiyar babban zaure, fuskata na kallon allo, in ga ko baiwar Allah nan ta sami ƙanenta, don duk wanda na tambaya sai ya ce in je in gani. Zan sayi gugguru takarda guda, ko tsotsa ce na yi. In an tashi, duk abin da ya rage zan ajiye shi a gindin kujera, wanda ya gaje ni ya karanta.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba Tsintsiya