Daƙiƙar da Na Ƙara wa Jamila

Abban Hanan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba, amma tun da ka rasu ban sami wanda zan iya buɗe wa abin kunyata ba sai kai.

Muna nan ƙasar Larabawa a unguwar Al Qusais, ina aikina a unguwar Port Saeed. Hajiyata ta kira daga Kano ta ce in tattaro yarinya mu dawo gida, na ce ta bari tukuna. Hanan ta shiga shekara sha ɗaya, ta kusa kamo ni tsawo. Da aka buɗe wurin ninƙaya a hutun zafin bana, ita ce ta fara tsayawa a ƙofa. Ka san dokar ƙungiyar tasu: duk wanda ya kawo ɗa, sai ya kama wani aiki. Shekara huɗu kai ke riƙe agogon auna lokaci, ni ina can kan benci da gorar ruwa ina tsoron santsi. Bana na ce a ba ni agogonka.

Ka tuna Maman Jamila, 'yar Zongon Kumasi, mai dariyar nan kamar an zubar da kwanuka? Ita aka naɗa shugabar masu agogo a madadinka. Ita ke raba aiki a guruf ɗin iyaye na waya, ita ke yi wa yara kitso kwantacce don hular roba ta zauna. Na yi wa Hanan kitso da hannuna, hular ta zame a tsakiyar ruwa. Washegari Hanan ta roƙe ni in kai ta gidan Maman Jamila a Hor Al Anz. Na zauna a falon matar ina shan shayinta, ana tsefe aikina a gabana.

Ba zan ɓoye maka ba, ina kishin matar nan. Mijinta yakan zo kai tsaye daga aiki, ya tsaya bakin ruwa yana ta yalla, yalla, wato maza-maza, har muryarsa ta dushe. In Jamila ta fito, mutum biyu ke riƙe mata tawul. Hanan kuwa in ta ɗago kai, wurin da kake tsayawa take fara dubawa, sannan Maman Jamila. Ni ce ta uku. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, kai ma na yi kishinka tun kana raye. Ka san haka? A mota kuna ta hirar juyi da numfashi a cikin ruwa, ni ina gefe kamar fasinjar da aka rage wa hanya.

To, ga abin da ya faru. Koci zai zaɓi yara huɗu don tseren da ake yi bi da bi, ɗaya ta taɓa bango ɗaya ta faɗa ruwa. An sami uku, saura gurbi ɗaya tsakanin Hanan da Jamila. Aka ce kowacce ta yi nata ita kaɗai, agogo ya raba. Ba a ba uwa agogon 'yarta, don haka Maman Jamila ta auna Hanan, ta rubuta, har da tafa mata. Sai aka zo kan Jamila, agogo a hannuna.

Yarinyar ta taɓa bango, na gani da idona. Amma a lokacin na hango iyayenta sun riƙe hannun juna, sai yatsana ya ƙi motsi. Ba kuskure ba ne, Abban Hanan. Ni na riƙe shi. Daƙiƙa ɗaya ce ko ƙasa da haka, ta kuma isa. Koci ya kira sunan Hanan, Maman Jamila ta rungume ta ta ce mabruk, habibti, wato barka, abar ƙaunata.

Muka hau jirgin metro muka nufi gida. Muna shiga ɗaki Hanan ta ce ba za ta yi tseren ba. Ta ce ita ba Jamila take kallo ba, hannuna take kallo, don ranar ce ta fara ganina da agogonka a babban aiki, tana so ta ga ko ina riƙe shi yadda kake riƙewa. Me zan ce mata? Rana ɗaya da ta fara dubana kafin kowa, abin da ta gani ke nan.

Na je na gaya wa koci. Ya cire ni daga masu agogo, yanzu kankana nake yanka wa yara. Jamila ta yi tseren ranar Asabar. Na yi ta jiran guruf ya kama da wuta, amma Maman Jamila ba ta rubuta ko kalma ba. Da yamma ma sai ta aiko mana da wake da shinkafa, wai Hanan na so. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Har wannan halin nata nake ƙyashi.

Kai ka tafi da mutuncinka cikakke a idon 'yarka, ba za ka ƙara yin laifi ba har abada. Ni ce zan tashi kullum in yi kuskure a gabanta. Ya zan yi takara da wanda ba ya nan? Jiya ta yarda na raka ta har bakin ruwa, amma ba ta yi mini magana ba. Ban sani ba ko ta yafe. In da hali a inda kake, ka yafe kai ma, ka kuma ɗan matsa mini wuri a zuciyarta. Ba duka nake nema ba.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Matarka,
Maman Hanan