Inna, Jinin Runji Ya Shiga Gidan Hajiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ige,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina fata makwancinki na da sanyi da yalwa. Mu nan Wurno lafiya lau. Surukarki Luba na gaishe ki, yara sun girma, teburin fawa na nan inda Baba ya bar shi.

Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, kuma ko ta isa, ke da boko sai hange. Amma cikina ya cika, in ban amayar wurinki ba, wurin wa? Masu leƙe ta waya su leƙa, ban hana ba. Suna dai ne ba za su samu ba. Ke kin san gidan.

Gidan Hajiya nike nufi, mai koren ƙyaure, inda kike kai ragadada ranar kasuwa ina biye da ke da kwanon romo. Kin tuna randarsu ta tsakar gida? Randa ɗaya, moɗa biyu. Ta 'yan gida na bisa faifai, taki kuwa gwangwanin madara ce rataye ga ƙusa, don matar runji, matar mahauci, ba ta sa baki inda 'ya'yan asali ke sa nasu. Hajiya ta cinye ragadadarki, ta suɗe yatsa biyar, ta tsotse ƙashi har shi yi kuka, sa'an nan ta nuna maki gwangwani da haɓa. Hannun da ya dafa ba shi da ƙazanta, bakin mai hannun ke da ita. In na ɓata rai bisa hanya, sai ki ce, "Sahabi, ruwa dai ruwa na, ƙishirwa ba ta san moɗa ba." Ni ko a lokacin ban yarda ba.

To bari ki ji abin da ya faru bayanki.

Wata shekara anka kawo mutanen ƙauye da 'yan bindiga sunka harba, anka yi shela masallaci ana biɗar jini. Mu mahauta munka tashi mu da yawa, tun da jini ba baƙonmu ba ne, da shi muke karya kumallo. Da anka gwada nawa, ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce irin nawa ba a tsintar shi bisa hanya, sai an tona. Dariya ta kama ni har ta tambayi lafiya. Tun da uwata ta haife ni, ranar na fara jin an ce jinin runji na da daraja.

Ba wani abin tsoro ba ne, Inna. Allura ce mai kaurin tsinken tsire, zafinta bai kai na cizon kunama ba ko kusa. Kana kwance kana matsa hannu, leda na cika gefenka da ɗumi, baƙi-baƙi, ya fi na rago duhu. In an gama ka sha abu mai sanyi, ka ɗan ji jiri, ka koma gida ka ci hanta. Tun daga nan sunka riƙe lambata. In an rasa irin nawa sai a kira ni, in wanke hannu in tafi. Ban tambayar na wane ne. Ko akuya in ta faɗa rijiya, ba a tambayar mai ita kafin a zura igiya.

Lokacin cirar albasa anka kira ni, wai yarinya ce mai sikila, jininta ya ƙone. Ina shiga asibiti na gan su ƙarƙashin iccen dogon yaro: mazan gidan Hajiya, reras bisa tabarma, manyan riguna sun sha guga, turare na tashi. Ashe jikarta ce, Ummi, wadda anka sa wa sunanta.

Inna, ko gwaji sun ƙi yarda a yi masu. Ɗaya ya ce basir gare shi. Ɗaya ya ce azumin nafila shike yi, ga jan goro ɗanye cikin haƙoransa. Ɗaya bai daɗe da amarya ba, wai ƙarfinsa na da aiki. Uban yarinyar, bari in kira shi Yallaɓai, ya ce an yi mashi duba an ce kada jininsa shi fita cikin watan. Alhali da idona na gan su kasuwar Goronyo kafin nan da 'yan kwanaki, rumfar wanzami, bayansu ya cika da ƙaho kamar bayan kada. Ana tsiyaye jinin cikin rami ana turbuɗewa, ƙuda na biki, su kuma suna lumshe ido suna cewa jiki ya yi sakayau. Abin da sunka ba ƙasa da ƙuda, shi sunka hana wa ɗiyarsu. Wallahi na sha wanke tumbin sa da ya kwana cikin zafi, bai tayar mani da zuciya kamar zaman nan nasu ba.

Na leƙa na ga yarinyar. Kin san yadda Baba ke jan fatar idon dabba shi duba kafin shi taya? Nata fari fat kamar auduga, tafin hannunta ma haka. Numfashi take yi sama-sama, uwarta na yi mata fifita da gefen mayafi. Na je na kwanta anka ɗiba.

Ina fitowa Yallaɓai ya tare ni bayan ɗakin. Bai miƙo hannu ba, ƙirjinsa ya dafa. Ya yi godiya ƙasa-ƙasa kamar mai cinikin kayan sata, sa'an nan ya ce, "Sahabi, wagga magana ta tsaya tsakaninmu. Ka san Hajiya, ka san gari." Ya roƙe ni in fita ta ƙofar baya, inda ake ƙona shara. Na bi ta nan, Inna, da auduga manne ga hannuna, hayaƙin tsumma na shiga mani hanci.

Kafin Juma'a gari ya ɗauka wai ƙanen Yallaɓai ne ya ba da jini, mai basir ɗin nan. Har filasta ya manna ga gwiwar hannu, ya naɗe hannun riga don kowa shi gani, ana ta sa mashi albarka bakin masallaci. Da ya zo sayen nama teburina da filastarsa, na ce Allah shi ba da lada, na yanko hanta na ƙara mashi gyara, na ce shi ci shi maida jini. Ya karɓa, Inna. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Duk wannan na haɗiye. Ba don a yaba na bayar ba, kuma ɗan kasuwa ya saba a sayi kayansa a canza masu buhu. Abin da ya tsaya mani ga maƙoshi shi ne wanda Luba ta jiyo wurin wani bikin suna, daga bakin uwar yarinyar, tana faɗi tana share hawaye.

Ashe Hajiya ta ji gaskiya, tun da ɗakin mata ba ya riƙe asiri. Ana sallamo Ummi, ta sa anka dafa ganyen filasko da sabara, ta danne yarinyar ta ɗura mata, wai a wanke jininmu na rundawa kafin shi kama jiki. Yarinyar da anka ƙwato daga bakin kabari! Ta yi ta zawo har ta sanƙame, anka sake kwasar ta zuwa asibiti anka rataya mata ruwa. Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi. Daga nan kuma komi ta yi, laifina ne. In ta yi dariya da ƙarfi, jinin rundawa. In ta tauna ƙashi, jinin rundawa. In ta hau katanga ta tsinko mangwaro, ita da a da ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa sai ta huta, Hajiya ta tafa hannu ta ce an ɓata mata iri.

Ranar na rantse, Inna. Na ce wa Luba wallahi jinina ba shi ƙara shiga gidan nan. Su nemi na 'ya'yan asali, ai ga shi can ramin wanzami, su tono.

Damina ta sauka, sauro ya yi yawa. Ina kasuwar Gandi ina taya wani bijimi, wayata ta yi ƙara, lambar asibiti. Na san zancen, don Luba ta riga ta gaya mani zazzaɓi ya kwantar da Ummi. Na bar ta ta yi kukanta ta gaji. Ta sake, na maida ta aljihu, na ci gaba da ce wa Bafillacen da ke saidawa bijiminsa rama gare shi. Ba zan ɓoye maki ba, daɗi na ji. Na ce bari su ɗanɗana.

Sai wata lamba ta shigo da ban sani ba. Na ɗauka don ina zaton mai biɗar nama ne. Uwar yarinyar ce. Ba ta roƙe ni ba, ta ce ba ta da bakin roƙo, amma ga Ummi na son magana da ni. Muryar ta fito siririya kamar zare, sai da na toshe ɗayan kunnen saboda kukan shanu.

"Baba Sahabi, Hajiya ta ce jininka ke sa ni ƙiriniya. Ni ina son ƙiriniyar. Tun da ya ƙare ban iya tashi."

Inna, mi za ki ce wa wannan? Na tsaya riƙe da igiyar bijimin mutane, Bafillace na tambayata ko na saya. Rantsuwa tana da kaffara, kuma mahauci bai rasa abin ciyar da miskinai goma. Yarinya in ta tafi ba ta da kaffara. Na saki igiya na tari mai mashin.

Wannan karon ta babbar ƙofa na shiga, da rigar aikina mai ƙarnin kitse, na ratsa ta gaban tabarmar manyan riguna na yi masu sallama da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Mai basir ya sunkuyar da kai shina neman wani abu cikin waya.

Hajiya da kanta na cikin ɗakin, zaune bisa darduma gefen gado. Ta tsufa, Inna, amma haɓar na nan yadda kinka san ta. Gabanta ga fulas, ga kofin tangaran mai bakin zinari, irin tsarabar Makka. Na durƙusa na gaishe ta yadda kinka koya mani, ta amsa da hanci. Kafin in tafi a ɗiba, na ce wa ma'aikaciyar jinya, gaban kowa, ina da sharaɗi guda: wanga jini in ya shiga, kada a sake bin shi da filasko. Ta ce wane filasko? Na ce ta tambayi Hajiya. Abin da ma'aikaciyar nan ta faɗa wa tsohuwar ba zan maimaita ba, amma har 'yan gadon ƙarshe sun miƙe zaune don su ji da kyau. Uwar yarinyar, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce daga yau ko ruwa ba mai ba ɗiyarta sai ta hannunta.

Da anka gama ɗiba na dawo duba su, jiri na ɗan ɗibata. Ma'aikaciyar ta ce a ba ni abin sha maza. Duk ɗakin ba wani kofi kusa sai na Hajiya. Ni kuwa na miƙa hannu, na tsaya. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta dubi ledar jinin da ake ratayawa bisa kan takwararta. Ta zuba, fuskarta kamar wadda ta taka kashin kare da sabon takalmi. Na kafa baki daidai bakin zinarin na sha a hankali. Da na shanye na sake miƙa mata. Na farko nawa ne. Na biyu naki na sha, Inna.

Kada ki ce ta tuba. Washegari na zo da gasasshiyar hanta cikin takarda, na biyo ta bayan ɗakin, sai ga kofin bisa juji, cikin tsumma da bawon lemu. Ko tsagewa bai yi ba. Lafiyayyen kofi, ya je Makka ya dawo, laifinsa kawai bakina. Na tsaya ina kallonsa, yawu ya taru mani, na tofar. Ban ɗauka ba. Mu ba mu tsintar abin da anka yar don mu.

Amma da na shiga, Ummi na zaune. Tafin hannunta ya yi ja. Ta fizge takardar hantar tun ban gama sallama ba, tana ci tana gardama da uwarta kan sai an kunce mata allura ta sauka. Hajiya na gefe tana jan carbi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Kofi ta iya jefarwa, Inna. Takwararta kuwa bayanta take kwana, da jinin ɗanki na gudu cikin jijiyarta, kuma juji ba shi karɓar jika.

An ce ciwon nan ba ya barin mutum, za su sake kira. Zan tafi. Ba don su ba, kin sani.

Innata, na yi kewarki. Da ina kwance ana ɗiba, ke nike gani, kin tallabi gwangwanin nan da hannu biyu kina sha, kin gama kin ce alhamdu lillahi, kin maida shi ga ƙusarsa. Yaro nike, ban da abin yi maki. Har yau in na ga gwangwanin madara, sai in kau da ido.

Allah shi jiƙan ki, shi gafarta maki, shi haskaka kabarinki, shi haɗa ki da Baba cikin rahama. Allah shi ba Ummi lafiya mai ɗorewa da ƙiriniya mai yawa. Hajiya kuma Allah shi shirye ta, don ni na kasa yi mata addu'ar da ta wuce wannan. Ke kuwa, Allah shi shayar da ke daga Alkausara, inda anka ce kofuna sun kai taurari yawa, kuma ba ko ɗaya da anka rataye ga ƙusa.

Ɗanki mai kewarki,
Sahabi, runji ɗan runji.